Batsari da Safana: Yadda mutanen gari ke riƙe da kiwon lafiya a bakin dajin Rugu

Ƙananan hukumomin Batsari da Safana na yammacin Jihar Katsina ne, sun jingina da dajin Rugu wanda ya miƙe har cikin Jihar Zamfara. Ƙidayar 2006 ta nuna Batsari na da mutum sama da 200,000, Safana kuma sama da 180,000. Galibinsu manoma ne da makiyaya da ke zaune a ƙauyuka da rugage masu nisa da kwalta.

A 'yan shekarun nan, da zarar an ambaci sunan waɗannan wurare a labarai, abin da ke biyo baya shi ne adadin waɗanda aka kashe ko aka sace.

Sai dai akwai wasu mamatan da ba kasafai suke shiga lissafi ba. Su ne matan da suka rasu a kan gwiwa saboda babu halin fita da dare, da yaran da tamowa ko zazzaɓi ya ɗauke saboda asibitin garinsu a kulle yake.

A irin wannan hali, kusan duk wani aikin lafiya da ya isa ƙauye ya bi ne ta hannun 'yan garin: mai unguwa, liman, ungozoma, direban tasha da matan da ke shiga gida-gida. Gwamnati da ƙungiyoyin agaji na kawo magani da kuɗi da horo, su kuma mutanen gari su kai abin inda baƙo ba zai iya zuwa ba.

Abin da rashin tsaro ya yi wa asibitoci

A watan Fabrairun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar da ke Batsari. Watanni biyu bayan haka, wasu hare-hare a Safana da Ɗanmusa da Dutsin-ma suka yi sanadin mutuwar mutum 47.

Hare-hare irin waɗannan sun tashi ƙauyuka da dama. Jama'a suka kwarara cikin garin Batsari da Dutsin-ma da birnin Katsina, wasu suka raɓa a gidajen 'yan'uwa, wasu a makarantu da kangwaye.

Ma'aikacin lafiya a ƙauye mutum ne da kowa ya san yana da albashi, don haka yana sahun gaba a idon masu neman kuɗin fansa. Idan ya nemi canjin wurin aiki ko ya koma kwana a birni, asibitin kan koma na 'yan sa'o'i da rana, wani lokaci ma a rufe shi ɗungurungum.

Hatta matakan tsaro sun zo da nasu nauyin. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari da Safana, aka kuma taƙaita zirga-zirgar babura da dare da sayar da fetur a jarka. An yi hakan ne domin a toshe wa 'yan bindiga hanya, amma na tsawon watanni magidancin da naƙuda ta kama matarsa da tsakar dare ba shi da wayar da zai kira mota.

Sannan ga gonaki. Batsari ta yi suna wajen noman rogo da hatsi, amma manomin da ba ya iya zuwa gonarsa ta bakin daji ba shi da abin da zai zuba a rumbu. Daga nan yunwa ke shiga gida, kuma yara ƙanana take fara kayarwa.

Kwamitin mazaɓa: masu sa hannu a kuɗin asibiti

Shigar da jama'a cikin harkar lafiyarsu tsohon tunani ne. Taron Alma-Ata na 1978 ya ɗora kiwon lafiya a matakin farko a kan sa hannun al'umma, sannan shirin Bamako na 1987 ya ƙara da cewa mutanen gari su riƙa sa ido a kan magunguna da kuɗin asibitinsu. A Najeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ne ya dasa wannan tsari lokacin da yake ministan lafiya.

Abin da ya ba tsarin ƙarfi a yanzu shi ne Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Dokar ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko. Wani kaso na kuɗin na shiga kai-tsaye cikin asusun asibitin da aka zaɓa a kowace mazaɓa.

A ƙa'ida, shugaban asibitin ba ya cire kuɗin shi kaɗai. Sai shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda ɗan gari ne ba ma'aikaci ba, ya sa hannu tare da shi. Kwamitin kan ƙunshi wakilan masu sarauta da malamai da mata da matasa da masu sana'a.

Jihar Katsina na da mazaɓu 361, kuma gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ce burinta shi ne kowace mazaɓa ta samu asibiti guda mai aiki sosai. Wannan na nufin wurare irin su Wagini da Ruma da Kandawa a Batsari, da Runka da Zakka da Babban Duhu a Safana, kowanne na da haƙƙin samun nasa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Yan kwamitin ne suka san ko rufin ɗakin haihuwa na zuba, ko firjin ajiye allurar rigakafi ya daina sanyi, ko ma'aikacin da aka turo sau nawa yake zuwa a mako. A yankin da jami'an sa ido daga Katsina ba sa iya zuwa a kai a kai, idon 'yan gari ne kaɗai ya rage.

Tamowa: ma'aunin da uwa ke riƙewa a ɗaki

A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a Katsina tun 2021, ta ce yara 652 ne suka mutu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na jihar cikin watanni shida na farkon shekarar. Ta ce ta kula da yara kusan 70,000 a tsawon lokacin, kusan 10,000 daga ciki sai da aka kwantar da su.

Waɗannan alƙaluma na yaran da suka samu isa asibiti ne kawai.

Babbar matsalar tamowa ita ce latti. Yaro kan fara ramewa a hankali, a ce haƙori ne, a ce shawara ce, a ce yaye ne. Kafin a ɗauke shi zuwa asibiti ƙafafu sun kumbura, ya daina karɓar abinci, ga gudawa ko ciwon haƙarƙari ya shigo.

Maganin wannan latti ya fito ne daga ƙasar Hausa. A Mirriya da ke jihar Damagaram a Nijar, ƙungiyar ALIMA da takwararta ta gida BEFEN sun gwada koya wa iyaye mata auna dantsen 'ya'yansu da kansu, da wani ɗan siririn ma'auni mai launi uku. Sakamakon ya nuna uwar da ba ta taɓa shiga aji ba na iya yin awon daidai, kuma yaran da iyayensu ke aunawa kan iso asibiti da wuri. Yanzu ana amfani da dabarar a ƙasashe da dama, har da arewacin Najeriya.

Awon na yara ne 'yan wata 6 zuwa wata 59. Idan ma'aunin ya tsaya a kan kore, dantsen ya kai santimita 12.5 ko fiye, yaro na cikin ƙoshin lafiya. Ruwan ɗorawa gargaɗi ne. Ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, na nufin a tafi asibiti a ranar.

Yaron da aka gano da wuri ba ya buƙatar gado. Ana ba uwarsa ƙunshin abincin nan na musamman da ake haɗawa da gyaɗa da madara da mai da sukari, ta riƙa ba shi a gida, ta dawo awo duk mako ko mako biyu. Ga matar da ta fito daga ƙauyen da hanyarsa ke da haɗari, bambanci ne babba tsakanin zuwa ta dawo a yini ɗaya da barin sauran 'ya'yanta ta tare a asibitin Katsina.

A gefe guda kuma akwai ƙungiyoyin mata masu koya wa juna haɗa garin kunu daga gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, da amfani da zogale, da shayar da jariri nono zalla har wata shida.

Sai dai akwai gyara a nan ma. Abincin tamowa kan ɓulla a kasuwa ana sayarwa, ko a raba shi tsakanin yaran gida saboda kowa na jin yunwa. Hana wannan aiki ne na masu unguwanni da 'yan kwamiti, domin su ne suka san mai saye da mai sayarwa.

Damina: kwana uku a kowane wata

Daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ne ke cika asibitocin yankin. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yaran yankin Sahel maganin rigakafin zazzaɓin a lokacin damina, kuma a Jihar Katsina aka fara gwada shirin a Najeriya a 2013, tare da ƙungiyar Malaria Consortium.

Ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin ne sau ɗaya a wata, har wata huɗu. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna yana rage kamuwa da zazzaɓin da kusan kashi 75 cikin 100.

Amma shirin kacokan a hannun mutanen gari yake. Masu rabon, waɗanda ake ɗauka daga cikin al'umma, su ke bi gida-gida su ba yaro maganin ranar farko a gabansu. Na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake barinsa. Idan ta manta, ko ta ajiye shi sai yaro ya yi zazzaɓi, an yi asarar zagayen.

Shi ya sa ake zaɓar wasu dattawan mata da ake jin maganarsu a unguwa su riƙa zagayawa suna tunatarwa. Mai shela kuma ya sanar da ranar rabo, liman ya maimaita bayan sallah.

A ƙauyukan bakin daji, inda tawaga daga hedikwatar ƙaramar hukuma ba za ta shiga da mota mai tambari ba, ɗan garin da ya saba da hanya shi ke ɗauko maganin a babur ya kai.

Naƙuda ba ta jiran gari ya waye

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa sanadin ciki da haihuwa a faɗin duniya 'yan Najeriya ne, kuma abin ya fi muni a karkarar arewa.

Masana kan danganta mutuwar da jinkiri iri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a gida da kan hanya suke faruwa.

Tun wajen 2008 wani shiri mai suna PRRINN-MNCH, wanda Birtaniya da Norway suka ɗauki nauyi a jihohin Katsina da Zamfara da Jigawa da Yobe, ya haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW. Aka horar da direbobin sa-kai kan yadda za su ɗauki mai naƙuda cikin gaggawa ba tare da tsawwala kuɗi ba. Ladan direban shi ne idan ya dawo tasha a ba shi lodi ba sai ya bi layi ba.

Shirin ya kuma ƙarfafa asusun ko-ta-kwana, wanda ke tafiya kamar adashi, inda ake tara abin da za a ranta wa iyalin da haihuwa ta zo musu da matsala. Akwai kuma rukunin matasa masu ba da jini, da koya wa maza da mata alamomin haɗari: zubar jini, jijjiga, kumburin fuska da ƙafa, zazzaɓi mai zafi, da naƙudar da ta wuce yini ko kwana.

Wani muhimmin abu shi ne izinin miji tun kafin ranar. Inda malamai suka yi bayani, magidanci kan bar sallahu cewa ko ba ya nan a wuce da iyalinsa asibiti.

Sakamakon doguwar naƙuda ba ɓoyayye ba ne ga mutanen yankin. A kan hanyar Katsina zuwa Batsari ne asibitin Babbar Ruga yake, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara aikin gyaran yoyon fitsari a tsakiyar shekarun 1980, wanda yanzu ya zama cibiya ta ƙasa. Yawancin matan da ke kwance a can, da an kai su inda za a yi musu tiyata a kan lokaci, da ba su je ba.

Darasin shan inna

A 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin arewa saboda zargin da ya yaɗu game da maganin, cutar kuma ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Abin da ya juya lamarin shi ne shigowar sarakuna. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan arewa kan kiwon lafiya a matakin farko bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar.

Daga nan saƙo ya riƙa gangarowa daga fadar Sarkin Katsina zuwa hakimai, irin su Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana, zuwa magaddai da masu unguwanni. Asusun UNICEF kuma ya ɗauki dubban mata 'yan sa-kai a jihohin arewa, kowacce da gidajen da take kula da su, tana rubuta masu ciki da jarirai, tana halartar suna domin a ɗiga wa jariri maganin.

A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna. Amma wani nau'inta na ci gaba da ɓulla a arewa maso yamma, musamman a wuraren da aka daɗe ba a kai rigakafi ba. Yaran ƙauyukan da aka tasa da na rugagen cikin daji na cikin waɗanda abin ya fi shafa, kuma cuta ba ta tambayar ko yaro ɗan manomi ne ko ɗan makiyayi.

Ƙofar da sulhu ya buɗe

A watan Oktoban 2023 gwamnatin jihar ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, wadda aka ɗebo matasanta daga ƙananan hukumomin da ke bakin daji. Sannan a watan Janairun 2025 aka yi zaman sulhu tsakanin shugabannin al'ummar Batsari da wasu jagororin 'yan bindiga. Jibiya da Ɗanmusa da Safana da wasu ƙananan hukumomin suka bi sahu a cikin shekarar.

Ra'ayi ya rabu a kan sulhun. Wasu na ganin ya ba manoma damar komawa gona, wasu kuma na tuna cewa an yi irinsa a 2016 da 2019 ya wargaje, ga shi har yanzu makamai na hannun mutanen daji.

Ta fuskar lafiya dai, duk ranar da hanya ta buɗe rana ce ta aiki. Lokaci ne na bin yaran da suka tsallake allurar ƙyanda da sauran rigakafi, da dawo da awon ciki, da gyara famfunan tuƙa-tuƙa da suka lalace. Annobar amai da gudawa ta 2021, wadda ta kashe mutum sama da 3,000 a Najeriya kuma Katsina na cikin jihohin da ta fi taɓawa, ta nuna abin da gurɓataccen ruwa ke iya yi.

Lokaci ne kuma na shigar da arɗaɗɗai da matan rugage cikin kwamitocin lafiya. Rashin asibiti da makaranta da ruwan sha na cikin koke-koken da makiyaya suka daɗe suna yi, kuma ɗakin awo na daga cikin 'yan wuraren da matan ɓangarorin biyu ke zama a benci ɗaya.

Inda ƙarfin al'umma ya ƙare

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma akwai jinkar da ko gari ya taru ba zai iya ɗagawa ba.

Direban sa-kai na iya kai mace Babban Asibitin Batsari ko na Dutsin-ma cikin dare. Idan ya isa babu likita, babu jini, babu wuta a ɗakin tiyata, wahalarsa ta tashi a banza. Uwa na iya ganin ja a ma'auni ta garzaya, ta tarar abincin tamowa ya ƙare.

Wannan barazana ta ƙaru a 2025, bayan Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, Birtaniya da wasu ƙasashen Turai kuma suka rage tallafin da suke bayarwa. Yawancin shirye-shiryen da aka ambata da kuɗin waje aka fara su, kuma an sha ganin yadda aiki ke yin sanyi da zarar masu tallafi sun naɗe tabarmarsu.

Akwai kuma batun 'yan sa-kan kansu. Ɗan alawus ɗin da ake ba su bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma ya yi watanni bai fito ba, alhali su ma suna da bakunan ciyarwa. Haka nan idan siyasa ta shiga zaɓen 'yan kwamitin mazaɓa, aka cika shi da 'yan amshin shata, sa hannun shugabansa ya zama na jeka-na-yi-ka.

Abubuwan da za su riƙe wannan haɗin gwiwa sanannu ne. A ɗauki 'ya'yan yankin, musamman mata, a horar da su aikin ungozoma da jinya, domin ɗan gari ya fi baƙo zama. A riƙa liƙa lissafin kuɗin asibiti a bango inda kowa zai gani. A saka alawus ɗin 'yan sa-kai da kuɗin abincin tamowa cikin kasafin jiha da na ƙananan hukumomi, a kuma sake su a kan lokaci.

Mutanen Batsari da Safana sun riga sun saba da aikin gayya tun kaka da kakanni, a gona da ginin masallaci da yashe rijiya. Abin da suke jira daga hukuma shi ne idan sun kawo mara lafiya ƙofar asibiti, su tarar da ita a buɗe, da ma'aikaci a ciki da magani a kan kanta.